Minti Huɗu a Hawan Dutse

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da matar Dogo bakanike ta leƙo gareji.

"Baban yara, keken ɗinkina fa? Sati uku yana gidan Yaya, kullum sai ka ce gobe."

"Da safe zan bi ta zagaye in ɗauko."

"Zagaye? Tafiyar awa biyu, ga dutse nan a gaban hancinka? Kai da aka ɗaga sama ana ihu wai ka haye shi a minti huɗu! Jif ɗin ce ta tsufa ko mai ita?"

Dogo ya yi dariyar yaƙe, ya goge hannunsa da tsumma, ya ɗauki makulli.

Duk ƙarshen wata masu tsofaffin jif sukan taru a gindin dutsen nan, kowa ya gwada tasa, ana duba agogo. Jif ɗin Dogo ta girme shi, amma ba ta da sa'a a hawa. Don ta yi sauƙi ya cire kujerun baya, ya cire tayar safaya da murfin baya. Birkin hannu ma da ya fara cijewa, maimakon ya gyara, sai ya kwance shi ya jefa a kwandon ƙarafa.

Wanda ya koya masa riƙe sifana wani dattijo ne da kowa ke kira Baban Gareji. Shekara goma sha biyu Dogo ya ci a hannunsa. Tsohon yana da magana guda da ba ya gajiya da ita: "Mota in ta mutu a tsakiyar hawa, direba ya zama ɗaurarre. Ƙafarsa na kan birki, ba halin fita. Duk wanda ya gan shi, ya tsaya ya sa masa dutse a bayan taya. Ba alfarma ba ce, doka ce."

Wata uku da suka wuce, ranar gasa, Baba ne ya fara hawa, Dogo na biye. A kwanar hanya ta uku ya tarar da motar tsohon a tsaye, ta mutu, hannunsa a waje yana yafito. Dogo ya dubi hannun, ya dubi agogon da ya manna kusa da sitiyari. Minti uku. Ya ce a ransa ai akwai wasu a baya. Ya taka totur. A saman dutse aka ɗaga shi sama, ihun jama'a ya rufe ƙarar da ta taso daga kwazazzabo. Kwana biyu Baba ya yi a asibiti ya cika. Dogo ya gaya wa kowa ƙura ce ta rufe masa ido, bai ga komai ba. Tun ranar bai sake bin hanyar ba.

Yau ga shi a gindin dutsen, ba kowa sai shi. Ya saka giya ta biyu, ya yi bismilla a ciki-ciki kamar mai jin nauyin a ji shi.

Jif ta kama hawa yadda ta saba, tana gurnani, tsakuwa na tsalle a ƙarƙashinta. Kwana ta ɗaya ta wuce. Ta biyu ma haka. Har ya fara sakin numfashi.

Sai ya ji bayan motar ya nutsa, kamar an ɗora buhu goma a lokaci guda.

Injin ya canza murya. Ya danna totur har ƙasa, mota na ja da ƙyar. Warin kuloci da ya ƙone ya cika masa hanci. A bayansa kuma wani wari ya biyo, na jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na rami da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya san ba a canza giya a tsakiyar hawa, shi ma yakan yi wa wasu faɗa a kan haka. Tsoro ya sa ya taka kuloci ya nemi ta ɗaya. Motar ta yi tari sau biyu, ta mutu.

Ya danne birki da duk ƙarfinsa. Hannunsa ya tafi neman birkin hannu, ya damƙo iska.

Kwana ta uku ce. Daidai wurin.

Ya murɗa makulli. Ƙit. Ya sake. Ƙit. Shiru ya sauko. Ba kukan tsuntsu, ba iska, sai ƙarfen injin da ke hucewa, tik, tik, tik.

Wani abu ya gyara zama a baya, inda babu kujera. Bodin motar ya yi ƙara.

"Minti nawa?"

Raɗa ce, dab da ƙeyarsa. Numfashin mai sanyi ne. Muryar ba ta Baba ba ce, matacce ba ya dawowa. Amma dutse yana da masu shi, kuma ranar suna kallo.

Dogo bai waiwaya ba. Ya nemi addu'a a bakinsa, ya rasa.

"Minti nawa ka yi, gwani?"

"Hu... huɗu."

"Shi ya yi bakwai. Da ƙafa ɗaya. Mun ƙirga."

Gumi ya cika takalminsa, tafin ƙafar na zamewa a kan birki. Motar ta ja baya taki ɗaya, tsakuwa ta gangara, ya daɗe bai ji ta taɓa ƙasa ba.

Can sai ya ji ƙarar mota daga ƙasa, tana hawowa da gudu. Ya zura hannu ta taga yana yafito.

"Ɗan'uwa! Dutse! Sa min dutse, don Allah!"

Ta ɓullo daga kwana. Jif ce, ba murfin baya, ba safaya. Fitilar hagu a fashe, kamar tasa.

Direban dogo ne. Ya juyo, suka haɗa ido. Fuskarsa ce, tasa ta kansa.

Mutumin ya dubi hannun. Ya dubi agogo. Ya wuce.

Ƙura ko kaɗan ba ta tashi ba.

"Ka gani sarai," in ji raɗar.

"Na gani," Dogo ya ce, hawaye na shiga masa baki. "Na gan shi. Ya kira ni. Na wuce."

"Ɗaga ƙafar."

Wani abu mai sanyi ya kewaye idon sawunsa. Yatsu ne, sun yi yawa.

Suka ja.

Bai san yadda ya banke ƙofa ba. Ya dai ji kafaɗarsa ta daki ƙasa, taya ta shafi gashin kansa. Jif ta tafi da baya, a hankali da farko, kamar ana tuƙa ta. Ta kai bakin kwazazzabo, ta ɗaga hanci sama, ta ɓace.

Da rarrafe ya fara saukowa, sannan da gudu, takalmi ɗaya.

Bai nufi gida ba. Gidan Baban Gareji ya tafi, ya tarar da matar marigayin tana kwashe shanya a tsakar gida. Ya zube a gabanta, jini na bin hannun rigarsa, ya faɗi komai, bai rage ba. Bai iya ɗaga kai ya dube ta ba.

Ta gama ninke zanen da ke hannunta tukuna.

"Na sani, Dogo. Ya gaya min a asibiti."

"Mama, kin sani? Kuma na zo gaisuwa kika ba ni ruwa?"

"Shi ya ce in rufa maka asiri. Ya ce, yaron nan yana da iyali, in mutane suka ji ba mai sake kawo masa mota. Ya sa na yi masa alkawari." Ta ɗauki kwandonta. "Shi ya yafe. Ni ban kai nan ba tukuna. Tashi ka je a duba maka hannun."

Washegari Dogo ya tara masu jif a garejinsa, ya maimaita maganar a gabansu. Wasu suka fita ba sallama. Rabin masu kawo masa aiki suka ɗauke ƙafa. Motar tana can a kwazazzabo, bai nemi a ciro ta ba, bai kuma sake riƙe sitiyari ba. Har yau in ya hango matar Baba a titi, yakan sauka gefe ya sunkuyar da kai sai ta wuce.