Jaka Ta Arba'in da Ɗaya

Akwai mutanen da Allah ya ba kai mai tafasa, kullum da sabuwar dabara. Baban Lukuti yana cikinsu. Kafin ya cika shekara talatin ya gwada sana'o'i bakwai da ba wanda ya taɓa ji a layinsu. Ya yi wankin takalma na bi gida-gida, ya ba ofisoshi hayar furanni a tukwane, har ya taɓa tara mutanen da za su riƙa tsaya wa wasu a layin asibiti. Kowacce sai ta yi wata biyu tana numfashi sama-sama, sannan ta mutu. Mahaifiyarsa ta daina tambayarsa lafiya, sai dai ta ce, "Injiniya, yau kuma me aka ƙirƙiro mana?"

Dabara ta takwas ta zo masa ne ranar da matarsa ke ninke kayan 'yarsu a bakin gado. Yarinyar wata uku, kumatu kamar an hura, shi ya sa ake ce mata Lukuti. Uwar ta ɗaga wata 'yar riga ta ce, "Dubi don Allah. Sau huɗu ta sa, yanzu maɓallin ba ya kamawa."

Ya miƙe zaune. Kayan jarirai na haya! Uwa ta karɓi jaka ɗaya ta wata guda: singileti shida, riguna, safa, hula. Yaro ya girma, ta maido, a ba ta ta gaba. A wanke, a goge, a ba wata. Duka farare, duka iri ɗaya, ba zane ba alama, don kada wata ta gane abin da ɗan wata ya sa. Kowace jaka da lambarta.

A gaskiya dabara ce mai kyau, duk uwar da ta taɓa sayen kayan jariri ta san haka. Amma ya buɗe shago, wata biyar jakunkuna na rataye suna shan ƙura. Mata su leƙo, su shafa, su yatsine fuska. "Kayan da ɗan wata ya yi wa tumbuɗi? Allah ya sawwaƙe."

Da ya yi haƙuri, da wataƙila sun saba. Haƙurin ne babu.

Wani mai gyaran injin wanki ya kwatanta masa wajen wani boka. Da rana tsaka ya je, bayan wani tsohon sito, ta wata ƙofar langa-langa da sai an sunkuya. A waje zafi na dukan ƙeya, amma yana shiga sanyi ya kama masa gwiwoyi. Ɗakin ba taga. An ɗaura igiyoyin shanya daga bango zuwa bango, babu komai a kansu. A tsakiya akwai wata randa baƙa, an lulluɓe bakinta da fata, fatar tana ɗagawa tana sauka a hankali. Gefenta wani tsohon sikeli na awon jarirai ya yi tsatsa, ba kowa a kai, amma allurarsa na motsi.

Bokan na zaune a kan buhu yana ɓare lemo da farce. Bai ɗago ba.

"Mai kayan jarirai. Ka daɗe a hanya."

"Ranka ya daɗe, kasuwa nake so ta buɗe."

"Za ta buɗe. Har sai ka riƙa korar mata."

Baban Lukuti ya ce, "Amma ni ba na harkar jini."

"Wa ya ce maka jini? Ka ga wuƙa a nan?" Ya tofar da ƙwallon lemo. "Duk jakar da ta dawo, kafin ruwa ya taɓa ta, ka zare singileti ɗaya, wanda ya kwana a jikin yaro. Ka kawo mini. Shi ke nan."

"Me za a yi da shi?"

"Kasuwa ka zo nema ko karatu?"

"Ina nufin... yaran. Ba abin da zai same su?"

Bokan ya nuna randar da haɓa. "Sanyi take ji. Ɗan ɗumin da ya rage a tsumma take so. Kai da za ka wanke shi ya bi kwata, me ya dame ka?"

Ya tsaya yana kallon fatar nan tana numfashi. Zuciyarsa ta faɗa masa gaskiya sarai, ba ta ɓoye ba. Amma ya tuna dariyar mahaifiyarsa, ya tuna shagon da ba kowa. Ya ce, "Na yarda."

Sati bai zagayo ba wata mata ta karɓi jaka. Kwana uku ta dawo da ƙawayenta biyu, tana rantsuwa tun da ta sa wa ɗanta kayan nan bai sake kukan banza ba. Magana ta bazu a wajen awo da gidajen aiki: kayan shagon nan suna da sanyin albarka, yaro sai barci. Wace uwa ce mai goyo ba ta neman barci? Cikin wata huɗu ya sayi injinan wanki uku, ya ɗauki masu guga, ya sa wata dattijuwa a kantar shagon tana karɓar jakunkuna, ya sayi mota mai kai kaya gida-gida. Aka fara gayyatarsa taron matasa ya koya musu yadda ake ƙirƙirar sana'a. Mahaifiyarsa ta ci gaba da ce masa Injiniya, amma yanzu da alfahari.

Abu ɗaya ne bai bar wa kowa ba. Duk yamma kafin a tashi, shi da kansa yake buɗe jakunkunan da suka dawo, ya ce yana duba yagewa. Duk ranar Asabar ya kai singiletin da ya zare, a leda, bayan sito. Igiyoyin nan suka fara cika.

A gida kuwa ya kafa wa matarsa doka. "Lukuti ba za ta sa kayan shago ba. Sabo za a riƙa saya mata."

"Baban Lukuti, ɗaki guda cike da kaya, mu je kasuwa? Sati uku fa take yi su matse ta."

"Na ce a'a."

Ta ɗauka girman kai ne irin na maza in sun samu. Ita kuwa mace ce da ba ta iya ganin ɓarna. Sai ta je wajen dattijuwar shagon ta ce, "Baba, ki buɗe mini lamba kamar kowa, kada ki faɗa wa mai shago." Dattijuwar ta yi dariya ta ba ta arba'in da ɗaya. Rigar sama sabuwa, don idon uba. Singiletin ciki na shago. Ƙarshen wata ta maido jakar cikin sauran.

Labarai suka fara shigowa ɗaya-ɗaya. Lamba tara ba ta zo ta canza jaka ba, yaron bai girma ya fi ta farko ba. Lamba goma sha shida ta maido kaya idonta a kumbure, ta ce ba sauran mai sawa. In ya ji, sai ya ce Allah ya jiƙansa, ya shige ɗakin injina inda ƙara ke hana tunani.

Lukuti ma ta yi shiru. Da farko uwar ta ji daɗi. Sannan ta lura maɓallan da ba sa kamawa sun fara yin sako-sako. Yarinyar ta daina jan gashinta in tana shan nono. Tafin ƙafarta kullum sanyi, ko an sa safa biyu. A wajen awo nas ta kalli kati ta sake kallo, ta ce, "Maman yarinya, layin nan sama ya kamata ya riƙa yi." Aka yi gwajin jini, aka yi hoto, ba a ga komai ba.

Ranar da suka dawo daga asibiti na uku, tana cire wa yarinyar riga a gabansa, ya ga farin singileti mara alama.

"Wannan daga ina?"

"Kai, yanzu lokacin wannan faɗan ne? Na shago ne. Wata huɗu ke nan, arba'in da ɗaya, ni ce. Me ya ragu a jikinka?"

Wata huɗu. Sau huɗu ke nan ya zare shi da hannunsa, ya sa a leda, ya kai.

Ko takalmi bai tsaya ɗaurewa ba. Ya faɗa ɗakin bokan yana haki. Igiyoyi sun yi nauyi har sun lanƙwashe, ɗaruruwan singileti farare, suna lilo ba iska.

"Akwai na 'yata a ciki! Guda huɗu!"

"To ɗauki abinka," in ji bokan, ko a jikinsa. "Ka mayar mata a jiki, abin da aka ɗiba zai koma. Amma ka taɓa na wani, randar nan ta gama da 'yarka yau."

Ya bi igiya yana dubawa. Duka iri ɗaya. Shi da kansa ya sa aka ɗinka su haka, kuma a taro da wannan yake fara alfahari. Ya kai hanci yana shinshinawa, sai ya tarar bai san ƙanshin 'yarsa ba. Yaushe rabon da ya ɗauke ta?

"Uwa kan gane na ɗanta ko cikin dubu," in ji bokan. "Kawo ta. Sai dai za ta ga igiyoyin nan, za ta kuma tambaye ka na su wane ne."

Ya koma gida. Ya sami matarsa a ƙasa, yarinyar a cinya, tana ɗiga mata nono da cokali. Ta ɗago ta ce, "An samu wani likitan?" Ya buɗe baki. Ya hango yadda za ta dube shi in ta ji. Ya ce, "Gobe."

Gobe ta zo, ya sake cewa gobe. Rana ta uku da hantsi, Lukuti ta cika a hannun uwarta, ba tare da ko ɗan kuka ba.

Sai bayan an dawo daga binne ta ya faɗa wa matarsa komai, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani. Ba ta mare shi ba, ba ta yi ihu ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Kwana nawa ka sani?" Ya ce uku. Ta ɗauki mayafi ta fita, ba ta sake kwana a gidan ba.

Shi dai bai kai wata ba kansa ya juye. Danginsa suka kulle shi a ɗaki, suka sayar da shagon da duk abin da ke ciki ga wani mai son sabuwar sana'a. Matarsa kuma ta karɓi adireshin mata a wajen dattijuwar shagon, ta bi su ƙofa-ƙofa tana roƙo su cire wa yaransu kayan nan. Suna ba ta ruwa, suna cewa, "Allah sarki, rashin ɗa ya taɓa ta." In ta juya, su rufe ƙofa a hankali don kada yaro ya farka.

Ku masu neman sabuwar dabara, ku nema, ba laifi ba ne. Amma in sana'a ta ƙi tafiya, ku bar ta ta mutu da mutuncinta, ku sake wata. Duk wanda ya ce zai buɗe muku kasuwa da ɗan abu kaɗan daga jikin ɗan wani, ku sani abin da ke karɓa ba ya tambayar ɗan wane ne. Ku kuma iyaye mata, jariri mai lafiya yana kuka, yana hana barci, yana yage maɓalli. Ranar da naki ya daina duk wannan, kada ki ce kin huta. Ki tashi.