Keken da Aka Gani a Zinyau

Ba cikin kwalliya Sharfaddeen ya fara haɗuwa da Murja ba. A zube ta same shi a gindin wata bishiyar maina a bakin hanyar Saji, kekensa yashe a ƙasa, shi kuma yana haki kamar wanda ya sha kaye a dambe. Tela ne, ɗan Kibiya, amma a wani shago a Rano yake ɗinki. Ranar ya kawo wa wani mutum ɗinkinsa Saji, kuma tun safe ko koko bai sha ba.

Murja na dawowa daga kai wa mahaifinta abinci gona. Ta tsaya daga ɗan nesa ta dube shi.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Hutawa nake."

"Haka ake hutawa a garinku, keke a kwance, mutum yana haki?"

Ya so ya yi dariya, jiri ya hana shi. Ta miƙa masa sauran ruwan gorarta, ta kwance bakin mayafi ta ciro ƙuli-ƙuli da dabino. Sai da ya ci, duniya ta daina juya masa, sannan ya ga fuskar mai taimakon nasa sosai. Nan take wani jirin ya kama shi, irin wanda dabino ba ya yi wa magani.

"Ba a hawa keke da yunwa," in ji ta. "Ka riƙa cin wani abu kafin ka taso, ka zuba gyaɗa ko dabino a aljihu. Ruwa kuma kada ka jira sai ƙishi ya kama ka."

"To, Likita. A ina asibitin naki yake, ko zan dawo a sake duba ni?"

Ta rufe fuska da mayafi ta yi gaba. Sai da ta ɗan yi nisa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Gidan Malam Isyaku."

Tun daga nan hanyar Saji ta zama tasa. Bayan la'asar yake zuwa zance, sai ya yi sallar magariba yake kama hanyar Kibiya. Wannan tafiyar ce ke hana Murja sukuni. Wata rana ta tura masa saƙo:

"Mai jirina, ka isa? Hankalina ba ya kwanciya in ka tafi cikin duhu. Direbobi ba sa ganin mai keke sai sun zo kansa. Don Allah ka sayi fitila, fara a gaba, ja a baya. Ta bayan ma ta fi, don ita ce mai gaya wa mota kana nan."

Washegari amsa ta zo:

"Likitata, an gama. Masu caji na sayo, kullum ina jona su a shago. Baƙar rigar nan ma na ajiye ta, fara nake sawa in zan yi yamma. Saura me, ranki ya daɗe?"

"Saura kwaɗo."

To, a nan suka saɓa. Sharfaddeen yana da sarƙa da kwaɗo, ga su nan naɗe a ƙarƙashin sirdi. In ya shiga kasuwar Rano cikin baƙi yakan kulle, har ya zura sarƙar ta cikin ƙarfen keken da tayar baya ya ɗaure a jikin turke kamar yadda ta koya masa. Amma a ƙofar shago, ko bakin masallaci, ko ƙofar gidansu Murja, ko kusa ba ya kullewa.

"Haba Likita, in kulle keke a ƙofar gidan Baba? Ai kamar na ce akwai ɓarawo a gidan ne. Da wane ido zan kalle shi?"

"Kunyar nan taka za ta ja maka wata rana."

"In ta ja mini, ke za ki yi mini magani."

Malam Isyaku dai tun farko ba shi ya so ba. Zuciyarsa na wajen Uzairu, ɗan amininsa, direban motar haya da ke jigila tsakanin Kibiya da Kano. Bai tilasta wa Murja ba, amma bai ɓoye ra'ayinsa ba. Iya, mahaifiyar Murja, ita ta yi ta lallaba shi har ya sauko.

"Shi ke nan, ya turo magabatansa mako mai zuwa," in ji shi. "Amma abu guda, ba na ba da 'yata ga yaro mai ƙofa biyu, mai neman aure nan da can."

Ranar Talata ɗinki ya yi wa Sharfaddeen yawa, bai je Saji ba. Ya fito daga sallar magariba a masallacin kusa da shago, sai ya ga wayam, babu keke. Bai ɗaga hankalinsa ba. A wajensu aboki ya ɗauki kekenka ya je ya dawo ba abin magana ba ne. A shago ya kwana. Da safe ga keken nan a inda ya bar shi, taya duk laka, fitilu sun mutu. Ya jona su a caji ya ci gaba da aikinsa. Bai gaya wa Murja ba, don ya san abin da za ta ce.

Abin da bai sani ba shi ne, a yammacin nan Malam Isyaku ya je ta'aziyya Zinyau, Uzairu ya ɗauko shi a mota za su dawo. Suna wucewa ta ƙofar wani gida, gidan su wata yarinya Baraka, Uzairu ya rage gudu.

"Baba, wannan ba keken telan nan ba ne?"

Keken ne kuwa, jingine da bango, jar fitilar baya tana ƙyaftawa. Duk Saji babu wanda bai san fitilar nan ba. Daga cikin zaure ana jin muryar namiji da ta mace ƙasa-ƙasa. A garuruwan nan, keken saurayi a ƙofar gidan budurwa bayan magariba ba ya bukatar wani mai shaida. Malam Isyaku ya ce Uzairu ya ja mota su tafi gida.

Ranar Laraba da rana wayar Sharfaddeen ta yi ƙara, saƙon Murja ya shigo.

"Sharfaddeen, Allah ya isa. Fitilar da na sa ka saya don ka tsira da ranka, ita ka kunna a ƙofar gidan wata? Baba da idonsa ya gani a Zinyau, a gidan su Baraka. Ya ce kada ka turo kowa. Ranar Juma'a iyayen Uzairu za su zo."

Ba Mai jirina, ba komai. Sunansa tsirara. Nan take ya rubuta:

"Wallahi Murja ban taɓa taka Zinyau ba. Ɗaukar keken aka yi a bakin masallaci, aka dawo da shi da safe."

"Wa ya ɗauka?"

"Ban sani ba."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, kowa ya ce ba shi ba ne. Har Ramalan, wanda kekunan ɗinkinsu ke maƙwabtaka, ya girgiza kai yana kallon allura. Tsoro na gaske ya kama Sharfaddeen, don ya ga Murja na shirin kuɓuce masa a kan abin da bai aikata ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya isa Saji. Malam Isyaku na zaune a dakali da maƙwabta. Sharfaddeen ya yi sallama, aka amsa a daƙile. Sai ya warware sarƙa, ya zura ta cikin keken, ya ɗaure a jikin turken rumfar ƙofar gidan, ya datse kwaɗo. Ƙarar ta fito ƙarara, kowa ya ji.

Malam Isyaku ya miƙe tsaye.

"Kai! A ƙofar gidana kake kulle keke? Bayan abin da ka yi, kuma ɓarayi ka mai da mu?"

Sharfaddeen ya durƙusa ya ajiye makullin a gabansa.

"Baba, ka gafarce ni. Kunyar yin haka ce ta jefa ni a wannan hali. Ga makulli. Ba zan sake hawa keken nan ba sai gaskiya ta fito. Da ƙafa zan je Zinyau in roƙi mai gidan ya faɗi wanda ya zo. In na je da keken, ai na tabbatar da zargin."

"In ka ga dama ka je Makka da ƙafa. Gobe bayan Juma'a magana ta ƙare."

Sharfaddeen ya zare fitilar gaba daga kan keken ya sa a aljihu. Har ya zagaya ta bayan gidan, sai ya ji an yi gyaran murya. Iya ce a bakin ƙofar baya, ta miƙo masa ƙullin leda da gorar ruwa.

"Murja ta ce ba don ta huce ba ne. Ta ce kada ka faɗi a hanya a ce ita ce sanadi."

Dabino ne da ƙuli-ƙuli. Ya karɓa, ya kama hanya.

Damina ce, ruwa ya zaizaye hanyar Zinyau, ramuka ko'ina. Ya yi sallar magariba a gefen wata gona, ya kunna fitila ya ci gaba. In mai gidan ya ƙi magana fa? In ya ce bai ga fuskar mutumin ba? Yana cikin wannan tunani hasken ya faɗa kan wani mutum a zaune a bakin rami, riƙe da gwiwa, ga wani tsohon keke a gefe tayar gaba ta lanƙwashe.

"Ramalan? Me kake yi a hanyar Zinyau?"

Ramalan ya sunkuyar da kai. Jini na bin ƙaurinsa.

"Ramin ne ban gani ba. Kekena ba fitila."

"Ban tambaye ka rami ba."

Sannan Ramalan ya ce, "Wajen Baraka za ni. Ni na ɗauki naka ran Talata, saboda fitilar. A gida ba su san ina nemanta ba, shi ya sa na ƙi faɗa. Wallahi ban san abin ya kai haka ba."

Sharfaddeen ya ji kamar ya shaƙe shi. Ya tsaya yana huci, sannan ya buɗe gorar ya wanke masa ciwon, ya tura masa ƙullin ledar.

"Ci, ka samu ƙarfi. Saji za mu, ko da a bayana zan goya ka."

Ana idar da sallar isha'i suka iso, Ramalan na ɗingishi, dafe da kafaɗarsa. A gaban maƙwabta ya faɗi komai. Malam Isyaku bai gamsu nan take ba. Ya nemi lambar mahaifin Baraka a wajen wani maƙwabci, ya kira ya sa a fili kowa na ji.

"Ran Talata? Ai yaron nan ne Ramalan, tela na Rano. Ni ma jira nake ya turo magabatansa."

Malam Isyaku ya kashe wayar. Sannan ya miƙa wa Sharfaddeen makullinsa, ya shiga gida. Murja na tsaye a bayan ƙofa, fuska duk hawaye.

"Murjanatu," in ji shi, muryarsa a sanyaye, "ki yafe mini. Keke na gani, na yanke wa mutum hukunci. Saura kaɗan in raba ki da wanda ya taka duhu da ƙafa saboda ke."

"Baba, ba ka yi mini komai ba," ta ce, kuka ya ci ƙarfinta.

Da sassafe Malam Isyaku ya je da kansa ya ba amininsa, mahaifin Uzairu, haƙuri. Uzairu ya yi fushinsa na 'yan kwanaki, daga baya ya haƙura.

Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Isyaku, jama'ar Kibiya da ta Rano suka cika layin. Da za a fita da amarya, ya kama hannunta ya kai ta har bakin zaure, abin da bai yi wa yayyenta ba. Ya kira ango gefe.

"Sharfaddeen, ga ta nan. Ban so ka ba da farko, yanzu kuwa ba ni da ɗan da ya fi ka. Ka riƙe mini ita amana."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Murja ta amsa da amin daga cikin lulluɓi, tana kuka tana murmushi, har aka sa ta a mota zuwa Kibiya.