Weji a Ƙarƙashin Kujera

Da hantsi mai shagon gem, wato wasan bidiyo, ya faɗo ofishin 'yan sanda, yana jan tsohon mai gadinsa ta wuyan riga.

"Yallaɓai, an kwance min sitiyarin wasa, har da birki da totur! Gobe gasar tseren tirela. Ga ɓarawon nan, shi kaɗai na ba mukulli."

Sufeto ya dubi mai gadin. Tsoho ne tukuf. In aka kai shi kotu, ya gama aikin gadi har abada.

"Baba, me ka gani?"

"Ban ga komai ba, ranka ya daɗe."

Mai gadin takalminsa kawai yake kallo. Sufeto ya sa aka ajiye shi bayan kanta, suka nufi shagon.

Ɗaki ne dogo mai warin zufa. A babban allo ga wata jar tirela tsaye, tana jiran direba. Ba a tsinke waya ko ɗaya ba. Sandar giya, da ke manne da tebur, an bar ta a giya ɗaya.

Sufeto ya durƙusa. Kujerar wasan mai ƙananan tayoyi ce, kuma an cusa guntun katako a ƙarƙashin tayar baya.

"Wa ya sa wannan?"

"Oho. Samarin nan ba sa gyara, ɓarna kawai suka iya."

Sufeto ya daɗe yana juya katakon. Mahaifinsa direban tirela ne. Ko a fili shimfiɗaɗɗe ya tsaya, ba ya sauka sai ya bar mota a giya, ya tokare taya da weji. Nan take warin gas da ɗumin kujerar gaba suka dawo masa, kamar jiya.

"Cikin masu wasa akwai tsohon direba?"

Mai shago ya kwashe da dariya. "Kawuna! Sannu-Sannu suke kiransa. Ana tsere, shi yana ba da sigina. A wuce shi, ya ɗaga hannu wai a sauka lafiya. Tun da idonsa ya yi rauni kamfani ya karɓe motarsa, kullum yana nan. Kwanaki na kore shi, yana tare wa yara layi."

"Kai ni wurinsa."

Kawu ya tare ƙofar ɗakinsa da kafaɗa. Ƙato ne har yanzu, sai dai idon ya yi fari-fari.

"Shagon? Rabona da shi tun ranar da ɗan 'yar'uwata ya nuna min ƙofa."

"To Kawu, abin ya wuce sata," in ji Sufeto. "Ɓarawon ya bar kujera ta gangara ta fasa babban allo."

"Ƙarya ne! Da hannuna na sa mata weji..."

Ya gane ya faɗa tarko. Can ya matsa gefe.

Sitiyarin na ɗaure a kan teburi, yana fuskantar taga. Birki da totur na ƙasa a kan tabarma. Har an naɗa masa tsumma a inda tafin hannu ke kamawa.

"Mai gadi ba ruwansa," in ji Kawu. "Ce masa na yi na manta gilashina, ya ba ni mukulli. Zagaye ɗaya na so in yi. Da na riƙe shi, wallahi hannuna ya ƙi saki. Ku saki mai gadin, kunyata ce ta hana shi magana."

"Ba allo a nan, me kake tuƙawa?" mai shago ya tambaya, muryarsa ta yi sanyi.

"Allo na yara ne." Kawu ya taɓa goshinsa. "Hanyar tana nan. Hawan dutsen nan mai kwana, ruwa na zuba, kaya cike, inji na kuka. Jiya na hau shi ban sauke giya ba."

Sufeto ya buga waya aka saki mai gadi. Ankwar da ke hannunsa ya mayar aljihu.

"Kawu, mu je ofis."

"Alfarma ɗaya, yallaɓai. A sa ni kujerar gaban mota."

Aka sa shi gaba. Kurtun da ke tuƙi ya fizgi mota har kawunansu suka yi baya.

"Saki kuloci a hankali, ɗana," in ji Kawu. "Ba tsere muke ba."

Sufeto ya juyar da kai wajen taga. Haka mahaifinsa ke faɗa.