Ƙwayoyi a Cikin Sanda

Sanda ɗaya ta gani jingine da bango.

Ɗaya tak!

Auta ta dafa gefen gado, ta leƙa ƙarƙashi, ta duba bayan ƙofa. Babu sandarta ta dama, babu mijinta. Shayin da ya haɗa mata har ya huce a kan kujera.

"Innalillahi..." kawai ta iya cewa.

Wata huɗu ke nan da babur ya watsar da su a kan gada. Shi ke tuƙi, kuma a buge yake. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa, ita ta tashi da ƙafar da ba za ta sake ɗaukarta ba sai da sanduna. Har yau in ta rufe ido tana jin ƙarar ƙarfen nan yana jan kwalta. A bakin gadonta na asibiti ya rantse ya bar ƙwaya, ya kuwa bari, duk da amai da rawar jiki da kukan da ya sha a cinyarta.

Sai likita ya rubuta mata maganin raɗaɗi. Tana ganin kwalin, gabanta ya faɗi, don su ne dai ƙwayoyin da suka kusa cinye shi.

Ɗaki da falo, ina za ta ɓoye su? Ita a wayonta sai ta cire robar ƙasan sandar, ta zuba su cikin ramin ƙarfen, ta toshe. Ai sanda ba ta rabuwa da ita. Baiwar Allah, ta manta ita ma tana barci.

Sallamar Yayanta ta ji, ya zo kai ta gashin ƙafa. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane da matsala, ita kuma ta kasa ɓoye masa.

"Ai na faɗa!" ya ce. "Ya karya miki ƙafa, yau ya sace miki sanda. Tattara kayanki, Mama na jiranki."

"Yaya, don Allah ka kai ni shagonsa tukuna."

"Ki ga me?"

"In gani da idona. In ya sha... zan bi ka."

Da ƙyar maganar ta fito, don tana sonsa, son da ita kanta yake ba ta haushi.

Shagon waldar shiru, ko injin ba a tayar ba. Ta tsaya a ƙofa da sanda ɗaya, Yaya na riƙe da kafaɗarta. Ga sandarta kwance a kan teburin aiki, an rage mata tsawo, an naɗa sabon soso a wurin hammata. Kusa da ita ga ƙwayoyin a jere.

Mijinta kuma yana zaune a ƙasa, gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na dama a dunƙule.

"Rabin raina," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Hammatarki ta saɓule, na gani jiya. Sandar ta yi miki tsawo, shi ne na ce in gyara."

"Ba ka san abin da ke ciki ba?"

Ya yi wata dariya mai kama da kuka.

"Na sani mana. Sati uku ina jin su. Duk takun da kika yi sai sun yi ƙara... kin zo ba ni abinci suna ƙara, kin zo rungume ni suna ƙara. Ke ba kya ji, ni kuwa ko cikin kasuwa zan gane kukansu."

Ashe duk zuwan da take yi gare shi, da su take zuwa.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa ki daina sha, ki kwana kina murƙususu saboda ni? Ban ishe ki haka ba?"

Yaya ya nuna hannun. "Me ke nan ciki?"

"Guda ɗaya ce, Yaya. Tun safe take nan. Ban kai ta baki ba, wallahi... amma na kasa buɗe hannun."

"Sake ni, Yaya," in ji Auta.

"Za ki faɗi!"

"To in faɗi."

Taku shida ne tsakaninsu, ba ta taɓa yin ko biyu da sanda ɗaya ba. Ƙafar na mata zogi kamar ana soka ƙusa. A na biyar ta tafi luu, ta zube a gabansa, ta kama hannun. Ta ɗaga ɗan yatsa ɗaya, ta ɗaga na biyu, shi kuwa yana hawaye. Ƙwayar ta soma narkewa, ta manne da tafinsa.

"Tawa ce," ta ce a hankali. "Lokacin maganina ma ya wuce. Ba ni kayana, masoyi."

Ya buɗe sauran yatsun da kansa.

Yaya ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya share ƙwayoyin teburin cikin aljihunsa, ya ɗebo ruwa ya miƙa wa ƙanwarsa.

"Kullum da safe zan kawo miki na ranar," ya ce. Ya juya ga mijin. "Kai kuma tashi ka ɗaga matarka, ƙasan nan da sanyi."