Dutsen da Ya Zauna a Zoben Marigayiya

Auta tana guga a falo lokacin da Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, ta warware 'yar takardar da Ticha ya kawo. Dutsen daimon ne guda ɗaya, kewayayye, ba a ɗora shi a kan zobe ba.

"Wannan ne abin da ka shanya mu a kansa?" in ji Gwaggo. Ta ɗaga shi wajen taga, ta juya ga Baba, mahaifin Auta. "Yaya, duba ka gani, a karkace yake, ga huji a tsakiya. Wanda surukina ya saya wa 'yata har kashe ido yake yi."

Ticha, malamin lissafin da ke neman auren Auta, ya sunkuyar da kai. Baba ya riga ya faɗa cewa in yau ma wasa ne, zai janye alkawarin da ya yi masa na ba shi Auta. An gaji da jin "ina nan ina nema" a kan zoben baiko.

"Gwaggo, ba huji ba ne," in ji shi a hankali. "Mai shagon ya nuna mini da gilashinsa mai ƙara girman abu. Mutanen da can da hannu suke yanka, shi ya sa bai cika da'ira ba. Sukan kuma shafe tsinin ƙasansa don kada ya ɓalgace, shi ake hangowa kamar rami. Daga baya aka samu inji, aka yi lissafin kusurwoyi, aka koma irin na yanzu mai walƙiya."

"Ka ga mun yi kama da 'yan ajinka? Kwance ka sayo wa 'yar mutane—sakan-han! Ko a sake yanka shi irin na zamani, ko a fasa."

"In aka sake yanka shi zai ƙanƙance, Gwaggo. Ba zai zauna ba."

"Ya zauna a ina?"

Ticha ya dubi Auta, don maganar ba tasa ba ce. Auta ta ajiye dutsen guga, ta share hawaye, ta shiga ɗaki. Ta fito da zoben mahaifiyarta, wanda dutsensa ya faɗi ya ɓace tun kafin rasuwarta.

"Baba, ni na jawo jinkirin," in ji ta. "Duk sabon dutsen da muka gwada, rawa yake yi a ciki. Maƙerin ya ce sai dai ya narke kan zoben ya sake, ni kuwa na ƙi. Shi ne Ticha ya yi ta bin shaguna yana neman tsohon yanka. Na hana shi faɗa ne don na san ba ka son ganin kayan Mama."

Ta ɗora dutsen a gurbin. Ya zauna daram.

Baba ya karɓa, ya kare shi daga hasken taga da tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

"Haka nata yake, har ramin," in ji shi. "Takan ce ta nan take leƙen abin da nake ɓoye mata."

Gwaggo ta gyara mayafi. "To ai sai ku yi wa mutane bayani tun farko."

"Tashi ka zauna a kujera, ɗana," in ji Baba. "Ka turo iyayenka a sa rana."

Ticha ya sha zargi bai tona sirrin da aka ba shi ba, haƙurin nan kuwa shi ya ba shi mata. Wanda ya iya jira saboda abin da ke zuciyar wani, ya isa a ba shi amanar 'ya.