Nyokabi Ta Bar Ofis

Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci, falon Mama Gitonga a garin Thika na ƙasar Kenya ya cika da ƙamshin mukimo, wato dakakken dankali da masara, da naman akuya. Nyokabi na zaune tana juya cokali a cikin abinci. Gitonga, ɗan Mama kuma saurayin Nyokabi da danginsa ke shirin kai sadakinta, yana ta taka mata ƙafa alamar ta yi shiru. Ba ta yi ba.

"Mama, na ajiye aiki."

Tsohuwar ta tsaya da ludayi a hannu. "Kin samu wanda ya fi shi ne?"

"A'a Mama. Tsara cikin gidaje zan koma — fenti, kujeru, fitilu, yadda ɗaki zai dace da mai shi."

"Labule! Labule za ki koma sayarwa? Yesu Almasihu! Ni da na miƙe gaban matan coci na ce surukata ce ke zana abin da suke latsawa a wayoyinsu? Da wane bakin zan koma musu?"

Gaskiya ne, shekaru Nyokabi ta yi a wani kamfani a Nairobi tana tsara fuskar manhajojin waya: inda maɓalli zai zauna, launin da zai ja ido. Amma ta gaji. Kullum abin da ake nema a wurinta shi ne dabarar da za ta hana mutum ajiye waya. Ita kuwa so take ta yi abin da za ta taɓa da hannunta, ta ga mutum ya zauna a ciki ya huta. Ta fara bayani, tsohuwar ta katse ta.

"Ko akuya ɗaya ba za a kai gidanku ba sai kin koma ofis!"

"Mama, ki saurare ta mana…" in ji Gitonga.

"Kai rufe min baki!"

A mota Gitonga ya ce, "Bebi, da kin bari sai bayan biki."

"Wato in yaudare ta?"

"Sori, ba haka nake nufi ba. Tun da Baba ya rasu ni kaɗai gare ta. Ba zan iya tsallake maganarta ba, kuma ba zan iya rabuwa da ke ba."

"To me za ka iya, Gitonga?"

Ya ƙura wa titi ido yana tuƙi har suka shiga Nairobi.

Ta kira mahaifinta a Nyeri ko za ta ji sanyi. "Na ƙare ƙarfina a gonar shayi don ki zama mai fenti?" ya ce, ya kashe waya.

Watanni suka ja. Aiki bai zo ba. Wata mata a unguwar Kilimani ta sa ta yawon kasuwa har ƙafarta ta kumbura, sannan ta karɓe zanen tsarin gidan da Nyokabi ta yi mata ta ba kafintanta. A cikin matatu, motar haya, Nyokabi ta yi kuka, kwandasta na kallonta. Ta je Thika da ayaba da madara don ban haƙuri, aka ce Mama na barci, alhali tana jin muryarta a ciki. Gitonga yakan zo ya zauna, su yi jugum kamar masu zaman makoki, ya tashi ya tafi.

Ana cikin haka Mama Gitonga ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Da aka sallamo ta daga asibiti, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, sai a keken guragu. Gidan da ta gina da mijinta ya zame mata kurkuku: ƙofar kicin ta yi wa keken ƙanƙanta, banɗaki na da matakala, komai na can sama. Ɗanta ke ɗaukarta kamar jaririya, tana kawar da kai tana hawaye.

"Nyokabi, ban san yadda zan yi ba," in ji Gitonga a waya.

Ta zo. Tsohuwar ta dube ta da baki a karkace. "Kin zo ki ga ƙarshena?"

"Na zo in zauna da ke, Mama."

Ba ta fito da abin awo ba. Zama ta yi tana kallo, kamar yadda ta saba kallon masu gwada manhaja: ina hannun dama ke kaiwa, ina keken ke maƙalewa, me tsohuwar ke kallo ba ta tambaya. Ta sha baƙar magana har ta daina jin zafinta. Rannan ta ce, "Mama, me kika fi kewa?"

Tsohuwar ta dubi ƙofar kicin.

"Shayina. Tun ina amarya ba wanda ya dafa min. Yanzu kuna ba ni ruwan wanke-wanke kuna ce masa shayi."

Nyokabi ta kawo magini da kafinta. Aka faɗaɗa ƙofa, aka baje matakala, aka kafa ƙarfen dafawa a bango, aka sauko da murhun gas daidai gwiwa, aka mai da komai ɓangaren dama.

"Za ki rushe min gida, yarinyar nan! Kada wanda ya fitar min da kabad ɗin Baban Gitonga!"

"Ba za a fitar ba, Mama. Ƙafafunsa kawai zan rage, in kin yarda."

"Hmm. Rage."

Ranar da aka gama, tsohuwar ta tura kekenta da kanta ta shiga kicin. Ta kunna wuta, ta zuba madara, ta jefa citta. Tukunya ta ɗan karkace, madara ta zube. Gitonga ya zabura, Nyokabi ta riƙe masa riga. Suka tsaya a bakin ƙofa har shayi ya tafasa.

Kofi uku ta zuba. Ba ta ba kowa haƙuri ba, ba halinta ba ne.

"Sukari ya ji, 'yata?"

Nyokabi ta gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kofin.

"Kai kuma ka tsaya kamar turke! Kira kawunka a sa ranar zuwa Nyeri, kafin wani mai hankali ya riga ka."

Ƙafar Mama ba ta warke ba, kuma sai a wurin biki mahaifin Nyokabi ya saki fuska. Aiki ma a hankali ya riƙa zuwa, daga gidajen da ke da tsoho ko majinyaci. Amma an ɗaura aure, an zauna lafiya.

Iyaye, kada sunan sana'a ya rufe muku ido daga amfaninta. Ku kuma matasa, in an rufe muku ƙofa kada ku ɓalle ta da rashin kunya; mai haƙuri da ya tsaya a bakinta da kyakkyawar zuciya, shi ake buɗe wa.