Abin da Aka Binne a Gindin Mangwaro

A kasuwar Karaye, farkon damunar 1989, Safara'u ta fara ganin Maharazu, malamin gona. Yana tsugune yana cusa farin taki cikin curin laka, manoma na yi masa dariya.

"Malam, fura kake dunƙulawa?" ta ce.

"Abincin itace ne, 'yammata. Sau ɗaya za a binne, ya yi ta ci a hankali har kaka."

Daga ranar ya fara zuwa ƙauyensu Yammedi zance a kan kekensa. Wata la'asar ya ga dashen mangwaro goma sha biyu na mahaifinta, Malam Gwadabe, sun yi rawaya a bayan gida. Bai tambayi kowa ba, ya tona gindin kowanne ya binne curi biyu.

Halliru, wanda shi ma ke neman Safara'u, ya gani ya kai labari. Malam Gwadabe ya sa fartanya, sai ga laka a cure.

"Sammu a gidana? Kada ya ƙara taka ƙofar nan."

"Baba, taki ne," in ji Safara'u.

"Taki watsa shi ake yi. Tashi ki ba ni wuri."

Ya tone curin da ke gindin guda tara ya zubar a rafi. Uku da ke bayan rumbu Halliru bai nuna masa su ba, Safara'u kuma ta ɓoye zancensu.

Ba ta yi kuka ba. Ta yi daka, ta yi wanki, ta ci tuwo ba ta jin gishirinsa. Aka mayar da Maharazu aiki garin Rogo. Wasiƙa ɗaya ta zo ta hannun direban bas:

"Sahibata, na yi garaje, na ja miki. In akwai dashen da ba a tona ba, ki bar shi yadda yake. Ina nan. Naki, Maharazu."

Ta ninke ta, ba ta ba da amsa ba.

Da kaka, tara na nan iya gwiwa. Ukun sun kai ƙugu, ganye shar. Malam Gwadabe ya daɗe tsaye a kansu, sannan ya tona ɗaya. Saiwoyi sun nannaɗe ragowar lakar.

"Safara'u! Wannan ma aikinsa ne?"

"Nasa ne, Baba."

Ya mayar da ƙasa da hannunsa.

"Saiwa ba ta rungumar abin cutarwa. Rubuta masa ya turo magabatansa."

An ɗaura aure ranar Juma'a, bayan an gama cirar gyaɗa. Da suka durƙusa gabansa, Malam Gwadabe ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Kai kuma, ɗana, gobe in za ka yi wa mutum alheri, ka fara yin sallama."

Safara'u ta ce amin.